Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Da mutum ya tsufa, duk abin da ya ƙi yi sai a ce mantuwa ce. Ni ban taɓa yarda ba. Maigidana tela ne, har yau yana iya kawo maka awon kafaɗar mutumin da ya rasu tun autarmu tana goye. Shi ne wai yake manta 'yar ƙwaya guda.

Ta rage ruwan jiki ce, mai sa yawan fitsari, likita ta ce ya riƙa sha da safe saboda zuciyarsa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Auta ta sa masa ƙararrawa a waya, kumburi bai sauka ba.

Na san dalili. Wata rana ya dawo da wuri, ya shige banɗaki ya wanke wandonsa da kansa, mutumin da bai san inda sabulu yake zama ba. Shagonsa ba banɗaki. Na layin yana can ƙarshe, mabuɗin kuma a hannun mai aski. Da na leƙa shagon ina neman maɓalli, na buɗe gwangwani, sai ga fararen ƙwayoyi a ciki. Na mayar da murfi, na ja bakina.

Ranar asibiti, likitar, sa'ar autarmu, ta danna ƙafarsa, wurin ya lotsa.

"Baba, ka sha ta yau?"

"Ƙila. Kin san kan tsoho."

"Kin ji ko?" in ji Auta. "Shagon nan dai ya bar shi. Mai manta magani, gobe dutsen guga zai bari a kunne. Zan mayar wa mai ginin mabuɗinsa."

Na jira ya yi tsalle. Sai ya kalli yatsunsa ya ce, "To."

"Auta, je ki sayo mini ruwa," na ce.

"Ga ruwa a jakarki, Mama."

"Na waje nake so."

Tana fita ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Malama, ki rufa mini asiri."

Ban rufa ba. Na faɗi wandon, na faɗi mabuɗin mai aski, na faɗi gwangwanin. Kunya ta kama ni kamar ni ce na jiƙa tufafin. Shi kuwa ya cire hula yana ta juya ta.

Likita ba ta ɗago ta dube shi ba, Allah ya yi mata albarka. Ta tambayi lokacin da yake komawa gida, ta ce to ya riƙa tashi da wuri kaɗan, ya sha idan ya isa.

Auta ta dawo da ruwa. "Me aka ce?"

"An sauya lokaci," na ce. "Shago kuma yana nan."

Washegari da rana ya dire gwangwanin a gabana.

"Tunda kin iya bincike, tsince su."

Ina tsincewa ya haɗiye guda, ya ja kujera kusa da ƙofar banɗaki ya zauna, ya ba ni baya.

"Da kin bari an ce na rikice, Malama, da ya fi mini sauƙi."

"Na sani," na ce, na ci gaba da raba ƙwaya da maɓalli.