Gangar da Bertalan ya ajiye

"Ka ciko kofin, kar ka kawo mini rabi kamar ana ba kaza ruwa," in ji Bertalan daga kan gado.

Kalman ya ɗauki mabuɗin rumbun giya ya fita. Shekara arba'in gonakinsu na inabi suna haɗe iyaka, shekara arba'in kuma Bertalan yana kiran giyarsa ruwan wankin ƙafa. A gaban limamin coci ya faɗa, a bikin 'yar Kalman ma ya faɗa, har da tofarwa. Abin haushin shi ne ba wanda ke musa masa, don duk kwarin nan babu mai harshen ɗanɗanar giya irin nasa.

Tun da ciwo ya kayar da shi a bazara, Kalman ne ke kula masa da ganga ɗaya tilo da ta rage, jar giyar da ya haɗa da inabi iri huɗu a shekarar da matarsa ta rasu. Ita ya ce za a sha ranar jana'izarsa. Kowace Asabar Kalman yana sauka ramin da ke cikin dutse, ya cika gangar har baki don kada iska ta taɓa giyar, ya goge, ya toshe. Bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa ɗanɗanawa ba, don tsohon ya hana. Ko sannu bai samu ba.

Yau likita ya ce saura kwanaki. A bakin ramin Kalman ya tsaya, sai ƙafarsa ta kai shi ƙofa ta gaba, nasa rumbun. Shi ma yana da haɗin da ya yi shekara shida yana reno. So yake sau ɗaya tak ya ji bakin nan ya yabi giyarsa, ko da kuwa bisa rashin sani. Ya zuƙo da butar gilashi mai dogon wuya, ya cika kofin Bertalan.

Ilka, 'yar Bertalan da ta zo daga birni, ta tallafo kan uban. Ya ɗaga kofin wajen hasken taga, ya juya shi, ya sa hanci. Ya kurɓa, ya riƙe a baki har Kalman ya ji gumi na bin bayansa. Sannan ya karkata ya tofar a tasa.

"Ta mutu," ya ce a hankali. "Ta riga ni."

Ilka ta ce ita dai ƙamshi take ji. Ya ce ta yi shiru, me ta sani, mai shan giyar kanti. Hawaye ya gangaro masa cikin kunne, ya juyo ya dubi Kalman.

"Ba laifinka ba ne, maƙwabci. Hannunka ne haka. Duk abin da ka taɓa sai ya koma irin naka."

Nan ne ya kamata Kalman ya buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Amma ya faɗa a gaban wa? Gobe duk ƙauye ya ji cewa ya yi wa mai mutuwa wayo don roƙon yabo, kuma ko a hakan an tofar? Wani mugun abu kuma a ransa ya ce bar shi ya ji yadda ake ji.

Bertalan ya ce ba za a binne shi mutane suna yatsine fuska ba. A zubar da giyar gangar yau, yana gani. Kalman ya ce a bari ta kwana, wataƙila bakinsa ne da ɗacin magani. Tsohon ya ce bakinsa ne kaɗai bai ruɓe ba a jikinsa. Ya sa Ilka ta jawo gadon kusa da taga, ta kira mijinta.

Kalman da mijin suka mirgino gangar har bakin kwata. Mijin Ilka ya miƙa wa Kalman guduma, wai shi bai iya ba. Kalman ya ɗaga kai, ga fuskar Bertalan a jikin gilashin taga tana jira. Ya buge matoshin gangar.

Ƙamshin ya cika layin, har matan da ke dawowa daga gidan burodi suka tsaya. Wani ɗigo ya fallatso a bayan hannunsa, ya lasa ba da niyya ba. Bai taɓa sa abu irin wannan a baki ba, kuma ya san ko zai ƙara shekara arba'in ba zai haɗa kamarta ba.

Ranar Laraba da hantsi aka kaɗa ƙararrawar coci, Bertalan ya cika. Da aka dawo daga maƙabarta giyar Kalman aka sha, don babu wata. Mutane suka ce ba laifi, ta shawu.

Da yamma Kalman ya sauka ramin Bertalan, inda aka mayar da gangar. Al'ada ce idan mai gida ya mutu a ƙwanƙwasa wa gangunansa sau uku, a gaya musu. Ya ƙwanƙwasa. Gangar ta amsa da ƙarar abin da babu komai a ciki. Da ya fito, ruwan sama bai riga ya wanke kwatar ba, jan layi yana nan tun daga ƙofar har gindin gada, ƙudaje na bi.