Kunnen Kwamared

Karatun Azhar ya kawo ni Alƙahira ina saurayi, amma nahawu ya fi ƙarfina, sai na ƙare ina ban ruwan furanni a wani gida a unguwar Ma'adi. Ban yi nadama ba. Itace ba ya yi wa mutum jarrabawa.

A da gidan cibiyar al'adu ce ta wata ƙasa a gabashin Turai. Mutanen suka kwashe kayansu, suka bar kan wani mutum na tagulla a gindin mangwaro: ƙaton gashin baki, hula mai tauraro, kunnen hagu ya fi na dama girma. Kwamared ake ce masa. Ɗan kwaminis ne, shi ya jagoranci mutanensa a duwatsu lokacin yaƙin duniya. Ni kunnen ne ya ja ni. Nakan tsaya da tiyo a hannu ina tunanin ko maƙerin haushinsa yake ji.

Matata Awadiyya, Bahaushiyar Sudan, ba ta son zancen.

"Malam, ka baro Katsina neman ilimi, ka ɓige da wanke wa gunki kashin tsuntsu."

"Ba bauta masa nake ba, goge shi kawai nake."

"To ga tukwanena can, su ma ba sa son bauta."

Duk Juma'a da hantsi wata tsohuwa takan zo, Madam Danika, 'yar waccan ƙasar, wadda mijinta Bamisire ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Ta dogara sanda gaban Kwamared, ta yi ta zaginsa da yarensu har ta gaji, sannan ta zauna in kawo mata shayi. Ta taɓa gaya min, da Larabcinta mai kaushi, cewa bayan yaƙi mutanensa ne suka tafi da mahaifinta, malamin makaranta, bai sake dawowa ba.

Shekarar juyin juya halin Masar, lokacin da ake ta goge sunan hamɓararren shugaba a bango, mai gidan ya ce shi ma ba ya son kan wani shugaba a lambunsa. Ya bar wa Hamad, mai keken jaki da ke yawo yana ihun "bikya!" yana sayen tsofaffin ƙarafa.

Na tari Madam tun daga ƙofa. "Albishirinki! Za a narka maƙiyinki."

Ba ta yi dariya ba. Ta je ta zauna, ko zagin ba ta yi ba, shayin ya huce.

"Mainasara," ta ce, "ina ƙarama sojojin mamaya suka tara mu a coci za su cinna wuta. Shi da kansa ya sauko daga dutse da mutanensa. Ya ɗora ni a kafaɗa, na riƙe wannan kunnen har muka tsallake rafi. Haka kunnen yake, maƙerin bai yi ƙarya ba."

"Amma mahaifinki fa?"

"Shi ɗin ne dai. Da can masu littattafai sun ce mala'ika ne, yanzu sun ce shaiɗan. Ba su riƙe kunnensa ba, ba su kuma jira uba a bakin ƙofa ba. In aka narka shi, wa zan tambaya ina babana?"

Washegari Hamad ya zo ya ƙwanƙwasa goshin Kwamared, ya ji ƙarar, ya washe baki.

"Ya Hajj, wannan tagulla ce ta gaske. Yalla, kama min."

"Bar min shi, ɗana."

"Ma'alish, yi haƙuri. Jakina ba ya cin tarihi."

Na kai Hamad ɗakina don mu yi musaya. Ina da abubuwan da na daɗe ina tarawa: ƙararrawar jirgin ruwa, ƙahon garmaho, da sikelin wani mai sayar da ƙanƙara. Ƙararrawar ce raina. In na buga ta nakan ji kamar ina tsakiyar teku, ni da ban taɓa hawa jirgin ruwa ba. Hamad ya ɗaga ta, ya ji nauyi, ya haɗa da sauran ya ce khalas, ciniki ya faɗa. Awadiyya har ta taya shi lodi tana waƙa.

A keken jakin muka kai Kwamared, an lulluɓe shi da tsohon zanen Awadiyya. Ni da Hamad muka hau da shi bene muna nishi, muka ajiye a barandar Madam tsakanin tukwanen na'a-na'a.

Yanzu duk Juma'a ni nake zuwa, ita ke dafa shayin. Wata rana in tarar ta juya masa fuska ga bango. Wata rana in tarar ta kifa masa hular kaba saboda rana.

"Madam, kin yafe masa ke nan?" na tambaye ta.

"Ban yafe ba," ta ce. "Matso da shi inuwa, kunnen ya yi zafi."