Gurbin Noreen a Kiɗan Zara

Shekara ashirin ina gyara fiyano a gonakin tumaki na yammacin Wilcannia, kuma ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin Clive Pascoe ba. Fiyanonsa na da maɓalli ɗaya da ya mutu tun shekarar da aka yi babban fari. Ka danna shi, sai dai ka ji ƙwas na katako. Duk zuwan da na yi sai ya tsaya a kaina ina ɗaure tsirkiya, ya ce in gyara komai amma in bar masa wannan. Aikin minti goma ne. Abin yana ci min rai, don ni ba na son barin aiki rabi da rabi.

Clive makiyayi ne, amma ya tsara kiɗa uku a rayuwarsa, kowanne da sunan tauraro. Gamzaki na ƙuruciyarsa ne. Kaza da 'Ya'yanta na shekarun da yara suka cika gidan. Na ukun Zara, na tsufansa shi da matarsa Noreen.

Wata biyar da rasuwarsa Noreen ta kira ni. An sayar da gonar, ranar Asabar za ta koma ɗaki ɗaya a gidan 'yarta a Adelaide, fiyanon kuwa ba shi da wuri a can. Ita ba ta iya kaɗawa. Abin da take so kawai ta ƙara jin kiɗan nan uku sau ɗaya a falonta, yadda Clive yake yin su.

Na isa da hantsi. Ta miƙo min takardunsa, ta shige kicin dafa shayi. Na buɗe fiyanon, idona ya faɗa kan mataccen maɓallin. Na ce a raina, yau dai babu mai tsaya min a ka. Na sa masa sabuwar 'yar gudumar da ke bugun tsirkiya, ina jin daɗi a raina kamar na yi abin kirki.

Na kaɗa Gamzaki, na kaɗa Kaza da 'Ya'yanta, ina jin motsin kofuna daga kicin. Da na shiga Zara sai na ga ashe kiɗan yana komawa kan maɓallin nan a ƙarshen kowane layi. Ya fita tas, har na yi murmushi. A layi na uku motsin kofunan ya tsaya.

Noreen ta fito da tsumma a hannu.

"Kai Gordon, sarkin karambani, me ka taɓa?"

"Uwar ɗakina, gyara na yi. Yanzu ne za ki ji shi cikakke."

Ta zauna a hannun kujera. A hankali ta gaya min cewa bayan maɓallin ya mutu Clive ya rubuta Zara, kuma da gangan ya dinga bi ta kansa. Duk inda ya danna aka ji shiru, ita ce take rera sautin daga kicin. Shekara ashirin haka suke yi, shi a falo, ita a bakin murhu.

"Wurina ne," in ji ta. "Na buɗe baki, na tarar an riga ni."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na cire gudumar na jefa ta cikin jaka. Na tambaye ta ko za ta zauna kusa da ni, ta ce a'a, daga can ta saba. Ta koma kicin.

Na sake ɗauko Zara daga farko. A ƙarshen layin farko na danna, katako ya ce ƙwas. Babu abin da ya fito daga kicin. Kewar Clive ta kama ni, mutumin da kullum muke musu. Ban ɗaga yatsana ba, ban kuma wuce gaba ba.

Can sai muryarta ta zo, siririya, tana rawa, ta ɗan sauka ƙasa da inda ya kamata. Kunnena ya ji kuskuren sarai. Wannan karon ban gyara komai ba, na ci gaba zuwa layi na biyu.