Katangar da Ta Kauce wa Ɗaki

A gefen tsohuwar maƙabartar garin Sinja akwai wani guntun ɗakin ƙasa mai kaurin bango. Kakannin Hausawan unguwar ne suka gina shi lokacin da suka zo a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare, suka zauna. Baƙo kan kwana a ciki, nan kuma ake ajiye makara da diga. Gidajen siminti da yawa sun tsattsage a garin, shi ko gezau.

Maza na cewa albarka ce. Albarka kam akwai, amma tsohuwa Kulu ta san da hannun mata a ciki. Kowace shekara kafin damina ita ke tattaro matan unguwa su share ɗakin, su yayyafa ruwan bagaruwa, su yi ta bugun ƙasa da madaɓi har daɓen ya yi sheƙi. Haka ta tarar kakarta na yi, kuma tana son ɗakin nan kamar ɗan'uwa.

Bana sai kwamitin maƙabarta ya tashi zagaye wurin da katanga saboda awaki. Don ganin girman ɗakin, suka ja igiyar awo ta bayansa, suka kafa turaku, suka sanya shi ciki. Duk cikinsu ba wanda ya tuna cewa matan unguwar ba sa taka maƙabarta.

Da Kulu ta ga turakun, sai ta dogara sandarta ta sami magini Abdussalami, ɗan ƙawarta, yana haƙa harsashi.

"Ya Hajja, karramawa ce munka yi mai," in ji shi. "Lajna, wato kwamiti, ta ce a tsare shi."

"Kwayis, ya yi kyau. To wa za ya yi mai daɓe? Kai?"

Ya yi dariya, don ko madaɓi bai taɓa riƙewa ba. Ita ba ta yi ba.

"Ɗana, ɗakin ga na masu rai na. In kun rufe shi ciki, halas, shi ke nan, ni da shi mun rabu. Sai dai ran da kunka shiga ɗauko mini makara."

Abdussalami ya ajiye shebur. Ya daɗe yana kallon bangon, kunya ta kama shi. Sannan ya je ya kira dattawan kwamitin, Kulu ta maimaita musu maganarta ba ragi. Babbansu da kansa ya sunkuya ya tuge turken farko.

Shi ya sa katangar ta miƙe sambal, da ta zo daidai ɗakin sai ta lanƙwasa ta bar shi waje. Masu wucewa na tsokanar Abdussalami wai igiyarsa ce ta karkace, shi kuwa ko a jikinsa.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mata suka taho da tulunansu da madaɓansu. A bakin ƙofa suka dakata. Kulu ce ta fara shiga, da ƙafarta.