Taki Arba'in da Ɗaya Daga Bango

Ni na fara gani. Mijinta likita ne, Dakta Bashari, da takardunsa jere a bango, amma ni Talle maigadi, wanda bai taɓa zama a aji ba, na riga shi gane Sista Moira ba ta da lafiya. Ranar ta dawo daga kasuwar Utaiƙa da ledar tumatir, ta hau matakala huɗu ta zauna. Matar da ke hawa bene na uku ba ta ko haki.

"Sista, lafiya?"

"Zafi ne, Baba Talle."

"A watan sanyi? Ni za ki gaya wa zafi? Na ratsa Chadi da Sudan a ƙafa shekarar fari, na binne abokan tafiya bakwai. Na san fuskar wanda jikinsa ya gaji da shi."

Ta yi dariya, ta ce in kama bakina. Na kama, har wata biyu.

Baturiya ce 'yar Sikotlan, daga wani gari a bakin teku da ta ce ruwan sama ba ya ɗaukewa. Can suka haɗu da Dakta yana karatu. Ta musulunta, ta yi shekara goma sha biyu a Katsina, Hausarta har da habaici. A tamanin da biyu aiki ya kawo su Riyad, gidan da nake gadi a unguwar Shumaisi. A asibiti nas suka sani mai farar riga. Mu kuwa, duk Alhamis sai ta ɗauko jakarta in riƙe mata, mu shiga lungunan matanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙare, suna tsoron ƙofar asibiti fiye da ciwon. Ta wanke gyambo, ta karɓi haihuwa, ta yi wa miji faɗa a gaban abokansa. Yara goma sha tara ta karɓa. Ni na ƙirga, ba ita ba.

Ashe ciwon daji ne. Da ya kwantar da ita, ta sa aka kira ni sama. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa.

"Baba, a garinmu ana kafa dutse a kan kabari a rubuta suna. Uwata duk Lahadi tana zuwa wurin ubana ta ba shi labari. Nan ba suna, kuma mata ba sa shiga maƙabarta. Zaituna fa?"

Zaituna ce 'yarta ɗaya tilo, shekararta goma sha shida.

"Ai ga Dakta," na ce.

"Bashari kuka zai yi, ba abin da zai gani. Kai za ka gani."

"Ban iya rubutu ba, Sista."

"Shi ya sa na kira ka. Mai rubutu yakan yar da takarda."

Ta cika ranar Talata da hantsi. Kafin azahar matan lungu sun cika matakala, Balkissa ta Maraɗi ce ta yi mata wanka. Bayan la'asar aka sallaci gawa biyar tare. A maƙabarta kowa sauri yake, "yalla, yalla", ramuka a jere iri ɗaya, 'yan duwatsu biyu a kan kowanne. Dakta yana cikin rami, idonsa ba ya ganin ko hannunsa. Ni kuwa da aka watse na nufi wata kusurwa da famfo yake, na manna bayana da bango, na fara taku zuwa kabarinta. Wani Balarabe ya tambaya ko hankalina ɗaya. Ban amsa ba, kada lissafi ya ɓace. Arba'in da ɗaya. Na koma na sake. Arba'in da ɗaya.

Bayan mako guda Dakta ya je maƙabartar shi kaɗai. Ya dawo ya zauna a bencina, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, ban gane shi ba. An ƙara layi biyu."

"Tashi ka kira Zaituna, Dakta. Ka nemo mana tasi."

Shi na kai shi ciki na nuna masa. Ita na zagaya da ita ta bayan katanga, daidai kusurwar famfon.

"Nan ne, 'yata. Daga bayan bangon nan, miƙe sak, taki arba'in da ɗaya."

"Takinka ko nawa, Baba?"

"Nawa."

Ta ɗora tafin hannu a bangon, da zafinsa da komai, ta yi ta magana a hankali da Turancin uwarta. Direba yana ta danna oda. Na je na tsaya a gaban motarsa har ta gama.

Shekara uku ke nan. Kwantiragin Dakta ya ƙare, sun koma Katsina. Ni ina nan da gwiwoyin da suka fara ƙi na. Duk Juma'a ina zuwa, kuma takina ya gajarta, yanzu arba'in da takwas ne. Wanda ya ce ƙarya nake ya same ni a kusurwar famfo bayan la'asar. Sai dai ya yi haƙuri ya biyo ni a baya, don a hankali nake tafiya.