Kuskuren Baba Mai Sito

"Haba! Ku rabu mana!" in ji Sabuwa, ta daki teburin har kwalabe suka yi ƙara.

A fuskar kwamfuta layi ya tashi ya yi tudu guda ɗaya, mai ɗan ƙusumbi a kafaɗar dama. Tudu biyu take nema: na maganin tarin da masana'antar ke haɗawa, da na wani gurɓataccen sinadari da ke laɓewa a bayansa. Kwana uku tana fama. Ta ƙara ruwa, ta rage ruwa, ta ɗaga zafi, amma su biyun nan sai su fito rungume da juna.

Yau watanta shida a ɗakin gwajin, har yanzu Sabuwa ake ce mata. Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburin Dakta, shugaban ɗakin, kuma da safe ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: ta raba su kafin ƙarfe huɗu, ya sa hannu.

"Dakta, ko in gwada wani kolom?" ta ce a lokacin.

"Wani me? Tsohuwa tana nan kina maganar wani? Hannunki ne bai faɗa ba, yarinya."

Tsohuwa ita ce kolom ɗin da ke jikin na'urar gwajin: bututun ƙarfe ce, ba ta fi biro tsawo ba. Cikinta garin silika ne mai laushi, kowace ƙwaya an dasa mata gashin maiƙo, sarƙa mai kabon goma sha takwas. Na'ura ta turo magani cikin ruwa, mai son maiƙo ya tsaya hira da gashin, mai son ruwa ya yi gaba, ta haka ake raba su. Dakta ya yi imani da Tsohuwa fiye da tabaraunsa. Ba mai kwance ta daga na'ura sai da izininsa.

Ƙarfe biyu Dakta ya tafi taro. Sabuwa ta gangara sito karɓo kwalbar sinadarin metanol, ido ya yi ja.

"'Yata, wa ya taɓa ki?" in ji Baba Mai Sito.

Ta zayyana masa. "Baba, Tsohuwa tambaya ɗaya ta iya: yaya son maiƙonka? Su kuma amsarsu ɗaya. Ko shekara zan yi ba za su rabu ba."

"To ki nemo mai wata tambayar mana."

"A ina?"

Baba ya sosa ƙeya, ya waiga ƙofa, sannan ya jawo durowar ƙasa. Ga kwali nan sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Shekara biyu da suka wuce an aike shi odar kolom irin Tsohuwa, ya tsallake layi ɗaya a kundin kaya, aka kawo wani daban. Tun daga ranar ba baƙon da zai shigo Dakta bai ba shi labarin Kuskuren Baba ba, har da kwaikwayon yadda Baba ke karatu da yatsa.

Sabuwa ta karanta jikin kwalin. Fenil! Gashin wannan gajere ne, amma kowane sili da zoben kabon a bakinsa. Shi kuwa gurɓataccen nan zobe biyu gare shi, maganin ɗaya tak.

"Baba, zobe in ya ga ɗan'uwansa sai sun gaisa. Mai biyu zai daɗe yana gaisuwa!"

"Ni dai ban ba ki komai ba," in ji Baba, yana cusa mata kwalin.

Da ta koma ɗakin gwaji ta kwance Tsohuwa, ta toshe bakunanta biyu, ta jefa ta aljihun farar rigarta. Ta ɗaura Kuskuren Baba a gurbinta, ta rufe murfi, ta bar ruwa ya wanke shi rabin awa. Wallahi tsoro take ji. Uku da kwata ta saka samfur, ta kama kujera tana addu'a.

Layi ya tashi, ya sauko har ƙasa. Ya yi tafiya kaɗan, sai ga wani ɗan tudu shi kaɗai, tsaf da shi. Ta sake gwadawa, haka ya fito.

Huɗu saura biyar Dakta ya shigo da takardar a hannu. Ya gyara tabarau, ya leƙa kwamfuta, baki har kunne.

"Kin gani ko? Ban faɗa miki ba?" Ya shafa murfin na'urar. "Tsohuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Haƙuri kawai take so."

Ya shimfiɗa takardar, ya cire marfin biro. Baba ya biyo sahu, yana raɓe a bakin ƙofa yana girgiza mata kai: yi shiru, 'yata. Sabuwa ta ji nauyin ƙarfen a aljihunta. Ta tuna mahaifiyarta, wadda tun asuba ta kira sau biyu tana tambayar ko an sa hannu. Sai kuma ta dubi littafin aiki, inda layin sunan kolom yake jiran ta cike shi.

Ta zaro Tsohuwa ta ajiye a kan takardar.

Biron ya tsaya. Dakta ya dubi Tsohuwa, ya dubi na'urar, ya sake duban Tsohuwa.

"To wa ke ciki?"

"Kuskuren Baba, ranka ya daɗe."

Famfon na'ura na ta tik-tik. Dakta ya matsa ya ƙura wa tudun biyu ido, ya daɗe. Ya ɗauki Tsohuwa ya goge ta da gefen rigarsa, ya sa a aljihun ƙirji, sannan ya rattaba hannu bai kalli kowa ba.

"Mai Sito," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "gobe ka yi odar kolom guda, mu ajiye."

Baba ya ciro ɗan littafinsa, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi a natse.

"To, Dakta. Na daidai zan sayo, ko in sake tsallake layin?"