Murfi Na Tara

Murfin ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin kujera, ƙaton notin ƙarfen da ke cikin kwalbar ya faɗo ƙasa. Yarinyar ta ɗaga kai tana wangale baki, miyau har haɓa.

"Minti nawa, Likita?" Baba Injiniya ya tambaya.

Mai Kemis ta duba agogon hannunta. "Minti ɗaya da rabi, Baba. Da haƙori ta yi."

"Da haƙori." Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa albishir. "To rubuta. Murfi na bakwai, haƙori ya ci shi. Sufeto, kin iya aiki, amma kin kunyata kakanki gaban maƙwabta."

Mai Kemis dai ba likita ba ce, shagon magani gare ta a ƙasan benen, ƙofar gidanta kuma tana kallon tasa a sama. Shi ma ba injiniya ba ne a takarda. Shekara talatin da huɗu ya yi a kamfanin roba yana sassaƙa ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta fito bokiti ko kofi ko murfi, har sunan ya bi shi. Sufeto kuwa shekararta uku da 'yan watanni, shi ya raɗa mata sunan, don duk murfin da ya ƙera sai ya bi ta hannunta.

Abin ya samo asali wata biyar baya. Amosanin gaɓɓai ya riga ya karkatar masa da yatsu, ga ciwon zuciya da ke son ƙwaya ɗaya kowace safiya. Kwalbar maganin irin mai murfin nan ce da sai an danna da ƙarfi kafin a murɗa. Kwana uku ya yi yana kokawa da ita a ɓoye, girman kai ya hana shi faɗa wa kowa, ran na huɗu ya sa filaya ya ɓalle murfin ya ajiye kwalbar a buɗe. Da hantsi surukarsa ta shigo ta tarar da yarinyar zaune da ƙwayoyi cike da tafin hannu. Ta sure ta da gudu zuwa shago, ba ko takalmi. Mai Kemis ta zube ƙwayoyin a faranti ta ƙirga sau uku kafin ta tabbatar ba wadda ta ɓace.

Tun daga ranar maganin ya koma saman kabad ɗin suruka. Kowace safiya takan kawo masa ƙwaya ɗaya a ƙaramin faranti, ta tsaya har ya haɗiye. Ba da wulaƙanci take yi ba, kowa ya shaida, ɗan nasa yana aiki a nesa, ita ke ɗawainiyar gidan duka. Amma abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Likita," ya ce da Mai Kemis wata rana, "rabin murafen da ke cikin shagonki ni na san yadda aka haife su. Yau ga ni ana ba ni magani a faranti kamar kaza. Kafin in bar duniyar nan sai na buɗe kwalbata da hannuna, ita kuma wannan ɓarauniyar ta kasa."

Ta ɗauka zancen tsufa ne. Washegari sai ga shi ya aiko a kira ta, ta tarar ya share teburin cin abinci, ya jera takarda da fensir da awon ƙarfensa. Yatsunsa ba sa riƙe fensir, saboda haka ita ta zama hannunsa. Kullum in ta rufe shago da rana sai ta hau, yana faɗa tana zanawa, yana faɗan ta karkatar da layi. Wani tsohon abokin aikinsa a kamfanin ne ke zuba musu samfuri, ya aiko a ambulan.

Ka'idojinsa ba sa canzawa. Ba a sa alewa a kwalbar gwaji, don kada yarinya ta koyi cewa abin daɗi ke zama a kwalbar magani, sai dai noti wanda ya fi ƙarfin bakinta, ya riƙa ƙara yana ja mata rai. Ba a ɓoye mata yadda ake buɗewa, a gabanta ake yi sau biyu. "Yaro ba wawa ba ne," yakan ce. "Murfin da ya dogara da yaro bai gani ba, ba murfi ba ne." Sannan duk samfurin da ya zo, Mai Kemis za ta ajiye ɗaya a kan kantar shagonta, ta miƙa wa duk tsohon da ya shigo sayen magani, ta rubuta abin da ya faru. Akwai tsohuwar da ta murɗa na huɗu har ta gaji, ta ajiye ta ce a gaya wa mai shi Allah ya shirye shi. Da aka faɗa masa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar da na bakwai ya faɗi, bai ce a ɗauko takarda ba. Ya kira yarinyar ya ɗora tafin hannunta a kan nasa, ya daɗe yana kallo.

"Likita, shirme muke ta yi. Muna ta neman abin da ya fi ƙarfinta, alhali ta fi ni ƙarfi yanzu. Dubi nan. Da me na fi ta?"

"Shekaru, Baba."

"Ke ma kin fara iya shege. Faɗin hannu. Ko gawa ce ni, hannuna ya ninka nata."

Daga nan aka samo dabarar. Kwalba mai faɗin wuya, da maɓalli biyu masu laushi, ɗaya nan ɗaya can gefe, nesa da juna yadda babba zai taɓa su da babban yatsa da na tsakiya ba tare da ya matsa ba. Yaro kuwa sai ya sa hannu biyu, in ya sa biyun babu na ukun da zai juya murfin, in ya saki ɗaya ya koma ya kulle. Murfin kuma shimfiɗaɗɗe ne, ya fi bakin yaro faɗi, tafin hannu kawai ake ɗorawa a ɗan juya. Na takwas ya zo maɓallansa da tauri, tsofaffi uku cikin goma suka kasa. Ya sa aka rage kaurin robar da abin da bai kai kaurin farce ba.

Kafin na tara ya iso, Baba ya kwanta. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai an jingina shi da filo uku. Mai Kemis ta san abin da take gani, ta shekara ashirin tana ganinsa a fuskokin masu zuwa shagonta, ta kuma ji tsoron ambulan ɗin zai makara. Ran da ya zo ba ta hau da shi nan take ba. Ta ajiye murfin a kan kantar shago tun safe har la'asar, sannan ta hau da takardarta.

"Tsofaffi goma sha ɗaya, Baba. Duka sun buɗe. Har mai yi maka addu'ar shiriya. Ta ce in tambaye ka ko kana da mata."

"Ce mata ta makara. Ina Sufeto?"

Aka zaunar da ita a ƙasa gaban gadon, aka buɗe sau biyu tana kallo, aka miƙa mata. Ta murɗa, ta ciza, ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyi, ta buga ta da ƙafar gado. Ta gano maɓallan, ta danna su da hannu biyu, ta tsaya tana kallon murfin, ta saki ɗaya, ya kulle. Suruka na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu, ta manta da abin da ta zo gogewa. A minti na goma yarinyar ta yi jifa da kwalbar ta fashe da kuka.

"Rubuta," in ji Baba, muryarsa can ƙasa. "Sufeto ta sa hannu."

Mai Kemis ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji, har ta kasa rubutun. Ta ɗauko kwalbar ta sa masa a hannu. Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan, ya ɗago ɗaya hannun, hannun ya yi rawa ya koma kan bargo. Ya sake gwadawa. A karo na uku kwalbar ta sulluɓe ta faɗa cinyarsa. Yarinyar na ta shessheƙa.

"Laifin ba na murfin ba ne," ya ce da ya samu numfashi. "Da yamma ba ni da kataɓus. Ku zuba min maganina a ciki ku bar min shi nan. Da safe zan sha da kaina."

Suruka ta dubi 'yarta, ta dubi ɗan teburin gefen gado, wanda bai kai ƙugun yarinyar ba. "Baba, a nan ƙasa?"

"A nan aka yi shi ya zauna, 'yata. In sai an kai shi saman kabad, wahalar banza muka sha."

Ta juya wajen Mai Kemis, idonta na neman a yanke mata. Mai Kemis ta san nauyin abin da za ta faɗa, ta kuma san me ta gani da idonta minti goma cur. "Ɗauko maganin," ta ce. Ta wanke kwalbar, ta shanya, ta ƙirga ƙwaya bakwai a gabansu ta zuba, ta rufe. Suruka ta ajiye kofin ruwa kusa da ita.

Washegari Mai Kemis tana ɗaga ƙofar shago ta ji ana kiranta daga saman bene, da jin muryar ta san ta faru. Ta tarar da shi jingine da filonsa uku, fuskarsa a sake, hasken safiya ya shigo har kan bargon. Suruka ta ce da ta leƙa da sassafe yana numfashi, har ya ɗaga mata gira, ta tafi ta dafa ruwan shayi, ta dawo ta same shi haka.

Suka yi kukansu, suka yi masa addu'a, aka buga wa ɗansa waya. Maƙwabta suka fara hawowa, takalma na taruwa a bakin ƙofa. Sai da Mai Kemis ta zo kwashe kayan gefen gadon ta lura kofin ruwan ya koma rabi.

"Kin ba shi magani yau?"

"A'a. Cewa ya yi kada in taɓa."

Kwalbar na nan inda aka bar ta, a rufe ruf. Mai Kemis ta taɓa maɓallan, ta ɗora tafin hannu ta juya, ta zube ƙwayoyin a hannunta. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta miƙa wa suruka hannun. Suruka ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi, ta tsaya a ta shida.